Hannun Baduku

Mahaifina baduku ne a Birni,
shagonsa na kallon duwatsu.
Shekara arba'in da basilla a hannu,
ko ido rufe aka miƙa masa
ya san ta akuya, ya san ta tunkiya,
bai taɓa kuskuren yankan fata.

Barci ne ya fara juya masa baya.
Da rana ya kife kan kutturen aiki,
da dare ya zauna tsakar gida
yana lissafin bashin da aka biya tun bara.
Muka ce gajiya ce, Baba ka huta.

Ran Alhamis a kasuwar Dole
ya sayar da jaka, ya bi mai saye da kuɗinsa.
Ya sallaci la'asar sau biyu.
Ya dubi Barira, autarsa,
ya kira ta Gwamma,
sunan uwarsa da ta rasu
tun ba a haifi ko ɗayanmu ba.
Barira ta amsa, don kar ya ji kunya,
ta shiga ɗaki tana share hawayenta.

Maƙwabta kowa da nasa.
Wani ya ce iska, wani ya ce jifa ne,
abokan sana'a ba sa son ci gabansa.
Mun yi hayaƙi har tufafinsa suka sake wari,
mun sayar da tunkiya biyu.
Ba wanda ya ɗaga fatar idonsa
ya ga yadda ya yi ɗorawa,
sai wata jikarsa, garin wasa,
ta ce, Kaka, wa ya shafa maka kwaiduwar ƙwai?
Ranar muka nemi likita.

Ta ce, Malam Mutari, miƙe hannuwanka
kamar mai tsayar da mota a titi.
Ya miƙe.
Hannun nan da ke zare zare cikin duhu
ya shiga faɗuwa yana tashi,
fiffiken tattabarar da aka riƙe wa ƙafa.
Ta ba shi biro, ta ce zana tauraro.
Shi da ke zana wa jaka ado ba awo
ya ja layi uku da ba su gamu ba,
ya dube ni, wai in karanta.

Ta sunkuya ta shaƙi numfashinsa.
Ta ce ba kansa ne ya fara ba.
Ƙwayar cuta ce ta daɗe a jini,
shekara da shekaru tana ci shiru.
Rariyar jiki ce ta toshe,
dattin da ya kamata ya fita
ya hau sama ya rufe masa tunani.
Ni da na zo da zancen ƙwaƙwalwa
na koma gida da zancen hanta.

Maganin ruwa ne, zaƙi kamar zuma.
Aikina ƙirga fitarsa bayan gida,
ina ja wa kowace layi a bangon kwali.
Ban taɓa zaton zan yi murna da wannan ba.
Dare na huɗu ya buɗe ido ya ce,
Shafi'u, jakar matar nan ta Zango,
ka sa mata maɗauri kuwa?
Na fita waje na zauna kan dakali,
na rasa me zan ce wa wata.

An ɗebi jininmu duka gidan.
Yayana Kanta ma yana ɗauke da ita,
shi da ke ɗaukar buhu biyu a kafaɗa.
An yi wa yara allura.

Yanzu kowace safiya kafin shayi
Baba na rubuta sunansa a littafi.
In haruffa sun tsaya, mu buɗe shago.
In sun karkace, in nemo kabu-kabu.
Jiya ya miƙo mini basillarsa,
ya ce riƙe, ina kallo,
akwai abin da hannu ya sani
da nake so ka ɗauka kafin ya manta.